Ƙidaya da harshe: tarihin bayanan hukuma a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

1. Gabatarwa

Tun daga ƙarshen shekarun 2000 wata magana ta yaɗu a duniya, wadda ake kira « données ouvertes » da Faransanci, mu kuma za mu kira ta buɗaɗɗun bayanai a cikin wannan maƙala. Ma'anarta ita ce hukuma ta fitar da alƙaluman da ta tara da kuɗin jama'a, ta ajiye su inda kowa zai iya ɗauka kyauta, cikin siffar da kwamfuta ke iya karantawa, ba tare da an tambayi mai ɗauka dalilinsa ba. A shekarar 2011 ƙasashe takwas suka kafa wani ƙawance domin wannan manufa, wanda Nijeriya ta shiga a 2016. A Nijar kuwa, dokar 23 ga Fabrairu 2011 ta amince da haƙƙin ɗan ƙasa na samun bayanai da takardun hukuma.

Sau da yawa akan ɗauki al'amarin tamkar batun na'urori ne kawai, watau a samu wutar lantarki da intanet da rumbun bayanai, shi ke nan. Mu a nan za mu bi ta hanyar tarihi da ta nazarin harshe. Mun zaɓi gundumomi uku na jahar Maraɗi, watau Agye da Gazawa da Gidan Rumji, domin mu duba yadda aka riƙa ƙirga mutanensu da gonakinsu da hatsinsu tun zuwan Faransawa. Abin da muke son nunawa shi ne, a tsawon fiye da shekara ɗari alƙaluma sun fi bin hanya ɗaya, daga ƙauye zuwa babban birni, cikin harshe da rubutun da ba na waɗanda aka ƙirga ba. Kuma duk lokacin da suka yi wa talaka amfani kai tsaye, to an samu hanyar da suka komo hannunsa cikin Hausa.

2. Wuri da iyakokinsa

Gidan Rumji na yamma da birnin Maraɗi, Agye da Gazawa kuma na gabas, dukansu a kan babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Damagaram, kuma dukansu ƙasar noman gero da dawa da wake da gyaɗa ce, kusa da iyakar Nijeriya. A ƙarni na 19 yankin yana ƙarƙashin sarautu biyu da suka ƙi bin Sakkwato bayan jihadi: Katsinawan Maraɗi, da Gobirawan da suka kafa Tsibiri wajen 1836. Sarakunan nan suna karɓar haraji, amma ta hannun hakimai da masu gari, waɗanda suka san gidajen talakawansu da ka.

Iyakar da ta raba yankin da Katsina da Zamfara ta samo asali daga yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan ayarin kyaftin Tilho ya bi ta a ƙasa tun daga ƙarshen 1906. Ayarin ya auna wurare, ya zana taswira, tafintansa Landeroin kuma ya tattara tarihin sarautu daga bakin mutane. Aka wallafa duk wannan a birnin Paris. Ana iya cewa wannan ne babban tarin bayanai na farko game da yankin, kuma tun daga shi aka soma rubuta sunayen garuruwan Hausa da ƙa'idar rubutun Faransanci, abin da za mu koma kansa a sashe na 8.

Iyakokin mulki na cikin gida su ma sun sha canji. A 1972 aka yanke Agye daga Tasawa, aka kuma kafa Gidan Rumji daga tsohon yankin Maraɗi. A 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi 265 a faɗin ƙasa. A 2011 aka ɗaga Gazawa ta zama gunduma mai zaman kanta, ta tafi da ƙananan hukumomin Gazawa da Gangara, aka bar wa Agye nata biyu, watau Agye da Cadawa. Gidan Rumji tana da biyar: Gidan Rumji, Tsibiri, Cadakori, Gidan Sori da Saye Sabuwa. Saboda haka wanda ya ɗauki adadin « Aguié » na ƙidayar 2001 ya ajiye shi kusa da na 2012 zai zaci mutane sun ragu, alhali ƙasar ce aka raba biyu.

3. Ƙidayar lanho

Kalmar lanho, wadda Hausawan Nijar suka aro daga « l'impôt », ita ce mabuɗin fahimtar ƙidayar zamanin mulkin mallaka. Kumandan yakan fita rangadi da tafinta da dogarai, a tara mutanen gari, a kira masu gida ɗaya bayan ɗaya, a rubuta mata da ƴaƴa da bisashe. Daga wannan kundi ake yanke kuɗin da kowane gari zai biya, daga shi ake ɗibar ƴan aikin tilas har zuwa soke shi a 1946, daga shi ake ɗaukar soja da ƴan lakwal. Sarkin kanto da mai gari suna da kasonsu cikin abin da suka tara.

Ba abin mamaki ba ne, ke nan, da talaka ya koyi ɓoyo. Ana ɓoye yara, ana kora shanu daji kafin isowar kumandan, idan abin ya yi tsanani gida guda yakan ƙetara iyaka zuwa ƙasar Katsina. Su kansu jami'an mulkin mallaka sun san cewa adadin da ke hannunsu bai kai na gaskiya ba. Kundayen kuwa da rahotannin rangadi suna ajiye yau a gidajen adana takardu na Yamai da Dakar da Aix-en-Provence, inda ɗalibi mai takardar izini zai iya karanta sunan kakan wani manomin Gidan Sori, jikan nasa kuwa bai taɓa jin labarin takardar ba.

Samun mulkin kai a 1960 bai raba ƙidaya da haraji nan take ba. Ƙidayar hukuma da katin iyali sun ci gaba da zama tushen biyan kuɗi, har gwamnatin Seyni Kountché ta soke harajin kai na ƙasa a ƙarshen shekarun 1970, aka bar na gunduma, wanda daga baya ya koma na ƙaramar hukuma. Wannan gado yana da nauyi a kan duk wani aikin tara bayanai: mutumin da kakanninsa suka san rubuta suna a matsayin share fagen karɓa, yana da hujjar yin taka-tsantsan idan baƙo ya zo da takarda, ko da waya, yana tambayar yawan ƴaƴansa.

4. Ƙidayar zamani da matsalar « gida »

An yi ƙidayar jama'a ta farko bisa ƙa'idojin ƙididdiga a 1977, aka samu mutum miliyan 5 da ɗoriya. Ta 1988 ta ba da miliyan 7 da dubu 250, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 kuma 17,138,707. A wannan ta 2012 jahar Maraɗi tana da mutum miliyan 3 da dubu 400, gundumar Gidan Rumji sama da 520,000, Agye kusan 246,000, Gazawa sama da 160,000. Cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, INS, wadda dokar 2004 ta kafa, ita ta gudanar da aikin. Fiye da shekara goma bayan haka, lissafin ajujuwa da alluran rigakafi da rijiyoyi ya ci gaba da dogara kan hasashen da aka gina bisa waɗannan alƙaluma.

Tambayoyin ƙidaya da Faransanci ake tsara su, mai ƙidaya ne ke juya su Hausa a bakin ƙofa. A nan matsalar farko take. Ma'aunin da ake ƙirgawa shi ne « ménage », watau mutanen da ke kwana wuri ɗaya, suna ci tare, ƙarƙashin shugaba ɗaya. Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da wannan. Akwai gida, akwai iyali, akwai gandu, akwai tukunya, kuma iyakokinsu ba ɗaya ba ne. Binciken Guy Nicolas a kwarin Maraɗi, da na Claude Raynaut da abokan aikinsa na jami'ar Bordeaux a shekarun 1970 da 1980, sun nuna cewa a cikin gida guda akwai gonar gandu da mai gida ke riƙe da ita, akwai kuma gamana ta mata da samari, kowa da rumbunsa da kuɗinsa. Idan aka tambayi mai gida shi kaɗai abin da « ménage » ya noma, to abin matansa yana iya faɗuwa daga lissafi.

A wannan zamani ne kuma aka yi wani gwaji da ya cancanci tunawa. Bayan kafa ƙungiyar UNCC a 1962, daga tsakiyar shekarun 1960 aka soma miƙa kasuwannin gyaɗa na yankunan Damagaram da Maraɗi ga manoma su tafiyar da kansu. Aka koya wa wakilan ƙauyuka awo da sikeli da riƙe littafin lissafi, aka haɗa aikin da yaƙi da jahilci cikin Hausa. Manomin da a da sai abin da ɗan kamasho ya ce masa, ya samu damar duba nauyin buhunsa a rubuce. Farin shekarun 1970 da faɗuwar gyaɗa sun raunana tsarin, amma ya nuna tun wancan lokaci cewa ƙauye na iya riƙe alƙalumansa.

5. Gonaki, burtali da itatuwa

Yawan jama'a ya sa gona ta yi ƙaranci a kudancin Maraɗi tun shekarun 1970, saura ta ƙare, noma ya ci makiyaya da burtali. A ƙarshen watan Oktoba 1991, ana cikin Babban Taron Ƙasa a Yamai, rikicin manoma da makiyaya a Toda, cikin yankin Gidan Rumji, ya yi sanadin mutuwar sama da mutum 100, akasarinsu mata da yara na Fulani. Sabubban wannan ta'asa suna da yawa, amma ta tuna wa kowa cewa babu wata takarda da ɓangarori biyu suka yarda da ita a kan inda gona ta tsaya da inda hanyar dabbobi ta fara.

Dokar 2 ga Maris 1993, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin « Code rural », ta ba mallakar gargajiya kariya daidai da mallakar takarda, ta kuma tanadi kwamitocin kula da filaye, waɗanda a hankali aka kafa a matakin gunduma da ƙaramar hukuma da ƙauye. Kwamitin ƙauye, wanda mai gari ke shugabanta, yana ba da shaidar gado da saye da kyauta da aro da jingina. Wannan ci gaba ne babba, domin a ƙauyen ake rubuta bayanin, a gaban shaidu, kuma mai gona na tafiya da kwafinsa. Sai dai fom ɗin da Faransanci yake, saboda haka mai gona ya san abin da aka faɗa a taro, abin da aka rubuta kuwa sai an karanta masa.

Ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna a wannan fage. Ayyukan raya karkara da asusun FIDA ya tallafa wa a Agye tun shekarun 1990, musamman PPILDA daga 2005, sun gwada auna gonakin ƙauyen da na'urar GPS tare da kwamitin filaye, sun kuma horar da ƴan gari su rubuta kundin gidajensu da kansu, su kasa su bisa ƙarfin hali da rauni ta ma'aunin da gari ya yarda da shi. Ɗan Saga har wa yau yana cikin garuruwan da aka sani da sassaben zamani, watau barin tohon kututture ya girma a gona, dabarar da ta bazu a jahar daga tsakiyar shekarun 1980. Sai a shekarun 2000 masana irin su Gray Tappan da Chris Reij, ta hanyar kwatanta hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraron ɗan Adam, suka kimanta cewa itatuwa sun dawo a kan kimanin eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta a kudancin Nijar. Manoma sun shekara ashirin suna aikin kafin ya shiga alƙaluma. A 2008 Amurka ta buɗe dukan hotunan Landsat kyauta, wanda yake ɗaya daga cikin manyan misalan buɗaɗɗun bayanai a duniya. Ɗalibin jami'ar Maraɗi na iya ɗauko hoton gonakin Gazawa na shekara arba'in da suka wuce, in yana da intanet da ilmin sarrafa shi.

6. Darasin 2005

Bayan yunwar 1984 Nijar ta kafa, a 1989, tsarin gargaɗin gaggawa da tsarin bin farashin hatsi a kasuwanni. Babban ma'aunin da aka dogara da shi shi ne giɓin hatsi: abin da aka girbe, a cire abin da jama'a za su ci. Bisa wannan ma'auni, bayan daminar 2004 da fari da fara suka ɓata, hankali ya fi karkata ga yankunan arewa. Amma da shekarar 2005 ta yi nisa, sai ga shi mafi yawan yaran da tamowa ta kwantar suna fitowa daga kudancin Maraɗi, ciki har da Gidan Rumji, watau daga yankin da ake kira rumbun ƙasa. Buhun gero mai kilo 100 ya kai jaka talatin a wasu kasuwanni a tsakiyar damina. Hatsi yana kasuwa, kuɗin saye ne babu, kuma ƙaramin manomi ya riga ya sayar da nasa tun kaka domin biyan bashi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta kula da yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a shekarar, akasari a jahar Maraɗi, a 2007 kuma ta raba abinci na musamman ga yara kimanin 60,000 a gundumar Gidan Rumji.

Abu biyu za mu ɗauka daga nan. Na farko, alƙaluma ba su amsa tambayar da ba a yi musu ba: an auna damman gero, ba a auna aljihun mai gida da lafiyar yaro ba, kuma matan ƙauye da suka san halin da ake ciki ba su da hanyar shigar da saninsu cikin lissafi. Na biyu, adadi abin jayayya ne tsakanin masu iko. Shugaba Mamadou Tandja ya musanta cewa akwai yunwa a 2005, a watan Yuli 2008 kuma gwamnati ta dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi. Littafin da Xavier Crombé da Jean-Hervé Jézéquel suka shirya a 2007, da binciken cibiyar LASDEL ta Yamai, sun bi diddigin wannan rikici. Bayan haka aka ƙarfafa kwamitocin sa ido na ƙauyuka da na ƙananan hukumomi, domin labari ya riƙa tasowa daga ƙasa.

A daidai wannan lokaci wayar salula, wadda ta shigo Nijar a 2001, ta canza tafiyar labarin farashi ba da umurnin kowa ba. Binciken Jenny Aker a kan shekarun 2001 zuwa 2006 ya nuna cewa bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin da waya ta isa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili a fili yake: ɗan kasuwar Cadawa yana kiran abokinsa na Maraɗi ko na Jibiya, su yi magana da baki, cikin harshensu da ma'auninsu.

7. Zamanin na'urori

Daga 2007 zuwa yau an samu sauye-sauye masu yawa. Dokokin 2007 da 2019 sun sake tsarin rajistar haihuwa da aure da mutuwa, aka buɗe wuraren shaida a ƙauyuka da ɗakunan shan magani, alƙalai kuma suka riƙa fita zaman ƙauye domin ba waɗanda lokaci ya wuce musu takarda. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna cewa yaran da aka yi wa rajista sun tashi daga kashi 32 cikin ɗari a 2006 zuwa 64 a 2012. A 2014 INS ta fitar da RENALOC, kundin garuruwa da ƙauyuka da rugage tare da yawan jama'arsu. A 2017 aka kafa hukumar ANSI mai kula da fasahar sadarwa, aka kuma yi dokar kare bayanan sirri na mutane. A 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 domin shirin kai sadarwa ƙauyuka. Zaɓen 2020 an yi shi da girgam mai hoton yatsu, wanda ya ƙunshi masu zaɓe kusan miliyan 7 da rabi. (Abin lura ga mai nazarin harshe: girgam asalinsa jerin sunayen sarakunan Barno ne, gidajen rediyon Nijar suka mayar da shi jerin sunayen talakawa masu jefa ƙuri'a.)

Gidan Rumji ta ga wani salon rajistar daga 2019, lokacin da dubun-dubatar mutane suka tsero daga hare-haren ƴan bindiga a jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina. Hukumar HCR ta ɗauki bayanansu da na'ura, aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Baƙin da masu masaukinsu Hausawa ne, sau da yawa dangin juna, amma sunayensu sun shiga rumbuna daban-daban, wasu da rubutun Ingilishi, wasu da na Faransanci.

Waɗannan kayan aiki sun sauƙaƙa wa hukuma da ƙungiyoyin agaji sanin jama'a. Tambayar da tarihi ya ɗora mana ita ce ko jama'a ta samu sanin hukuma daidai gwargwado: nawa ƙaramar hukuma ta tara a kasuwa, nawa ta kashe, malamai nawa aka turo, wace rijiya ke cikin tsarin bana. Majalisun ƙananan hukumomi, waɗanda zamansu a buɗe yake bisa doka, su ne wurin da ake iya yin irin wannan tambaya daga 2004 zuwa 2024. A watan Afrilu 2024 hukumomin soja suka rusa su, suka naɗa kantomomi. Misalan da bayani ya komo ƙasa sun fi yawa a fannin noma, kamar karanta farashin kasuwanni a rediyo cikin harsunan ƙasa, da cibiyar kiran waya da ƙungiyar RECA ta buɗe a 2017, inda manomi ke tambaya da Hausa a ba shi amsa da Hausa.

8. Sunaye da ma'aunai

Kwamfuta ba ta san gari ba, jerin haruffa ta sani. To, rubutun da aka gada daga zamanin Tilho ba shi da ƙa'ida tsayayya. Gari ɗaya ana samunsa « Guidan Roumdji » da « Guidan Roumji », wani « Tchadoua » da « Tchadaoua ». Sautin c yana fitowa « tch » a Cadawa, ya fito « ch » a Cadakori. Haruffa masu lanƙwasa sun ɓace, ɗ ta zama d, ƙ ta zama k, ts ta Tsibiri ta zama t. A takarda akwai « Tibiri » biyu, ta Gobir da ta jahar Doso, wadda ita ce ta zama gunduma a 2011. Akwai « Gangara » ta Gazawa da ta Tanut. Garuruwan da sunansu ya fara da Gidan ko Garin ko Ɗan kuwa ba su ƙirguwa, kuma wani gari yana da sunan hukuma da sunan da mazauna ke kira. Idan ma'aikatar lafiya da ta ilmi da ta ruwa kowace ta rubuta nata, haɗa rumbunansu sai da aikin hannu, kuma a wurin haɗawar ne ƙauye ke ɓacewa ko ya ninka.

Sunayen mutane sun fi wuya. Mutum ɗaya yana iya zama Mahamadou a takardar haihuwa, Mahaman a ta makaranta, Mamane a katin zaɓe, in ya ƙetara Katsina ya zama Muhammadu. Jariri ba ya samun suna sai ranar bakwai, alhali a ɗakin haihuwa ake son cika takarda. Alkunya tana hana uwa faɗin sunan ɗanta na fari, tana hana mace faɗin na mijinta, sai a ba mai tambaya laƙabi. Wanda aka rubuta wa « né vers » a tsohuwar takarda, na'ura ba ta karɓar « wajen shekara kaza », sai a ba shi 1 ga Janairu. Saɓanin harafi ɗaya tsakanin takardu biyu yana iya tsayar da ɗalibi a bakin jarrabawa, sai ya koma wurin alƙali.

Haka ma'aunai. Hukuma na lissafi da kilo da tan da hekta, manomi da dami da tiya da buhu. Tiyar gero kimanin kilo biyu da rabi ce, amma girman dami ya danganta da gari da shekara. Kuɗi kuwa da dala ake ƙirga shi a kasuwa, dala ɗaya tamma biyar: wanda ya ce « ɗari » yana nufin 500 a rubuce. Saƙon waya da ya nuna farashi da lambobi, ba tare da faɗin ma'aunin da aka bi ba, yana iya ɓatar da mai karatu ninki biyar.

Maganin waɗannan ba ya buƙatar sabon ƙirƙire. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun daidaita rubutun Hausa, ƙudurin ma'aikatar ilmi na 1999 ya tabbatar da shi a Nijar, dokar 2001 ta jera harsunan ƙasa goma, kuma tsarin Unicode ya tanadi ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Abin da ya rage shi ne a shigar da wannan cikin rumbunan hukuma.

9. Kammalawa

Mun bi alƙaluman Agye da Gazawa da Gidan Rumji daga kundin lanho zuwa girgam mai hoton yatsu. Kayan aiki sun canza, manufa ma ta canza daga karɓa zuwa yi wa jama'a aiki, amma alƙiblar tafiyar bayani ba ta canza sosai ba. Inda aka ga bambanci, watau kasuwannin gyaɗa na shekarun 1960, kundayen Ɗan Saga, farashi ta rediyo da waya, a nan ne aka yi aiki da harshe da ma'aunin masu abin. Kundin da aka ɗora a intanet da Faransanci ya buɗu ga malamin jami'a da ma'aikacin ƙungiyar agaji. Ga mai garin da aka ƙirga mutanensa kuwa, yana nan kamar yana Aix-en-Provence.

Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan ya ɗora wa sassan nazarin harshe aiki iri uku. Na ɗaya, kundin sunayen garuruwa mai fuska biyu, inda kowane gari ke da lambarsa ta dindindin, da rubutunsa na hukuma, da rubutunsa na Hausa bisa furucin mazaunansa; ƙananan hukumomi tara na gundumomin nan uku sun isa fagen gwaji ga ɗaliban digiri na biyu. Na biyu, ƙamus na kalmomin ƙidaya da kasafin kuɗi da ma'aunai, wanda za a gwada a kasuwa da zauren mai gari kafin a buga shi, tare da kula da Fulfulde da Tamajak da ake ji a yankin. Na uku, fassarar fom-fom na rajistar haihuwa da na filaye, da taƙaitaccen kasafin kowace ƙaramar hukuma, a rubuce da kuma cikin murya domin rediyo da waya. A duk wannan dole a rarrabe alƙaluman gari, waɗanda haƙƙin kowa ne, da bayanan mutum ɗaya, waɗanda doka ta kare. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Idan an ba shi lissafin cikin harshensa, shi ne zai fara nuna inda aka yi kuskure a cikinsa.